An dawo mini da rarar kuɗin da na biya, shin haraji zai hau kansu?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Singa ta Kano, ina saro kayan masarufi daga Legas. Rajistar sunan kasuwanci gare ni, ba kamfani ba, kuma duk shekara ina miƙa lissafina ga hukumar haraji ta jiha. A 2025 masu yi mini dako suka caje ni wasu lodi sau biyu ban lura ba. Sai a watan Mayun 2026 da aka zauna aka bi takardu suka amsa, suka dawo mini da naira miliyan 1 da dubu 200. A cikin watan nan kuma kamfanin jirgin yawo da na yi Umara da shi ya dawo mini da dubu 350, saboda masaukin da suka ba mu bai kai wanda muka biya ba. Duk a asusu ɗaya suka shigo. Yaron da ke rubuta mini littafi ya ce dole a sa su cikin kuɗin shiga, ni kuma na ce kuɗina ne suka dawo gida, ba ciniki na yi ba. Wa ya fi gaskiya?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya karɓi ibada, ya ƙara buɗi.

Idan na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne: kuɗin da ya fita daga aljihunka fiye da yadda ya kamata, daga baya aka dawo maka da shi, shin hukuma za ta ɗauke shi a matsayin samu na wannan shekarar ta yanka masa haraji? Kai da yaronka kowa ya kama ɓangare ɗaya na gaskiyar. A kan kuɗin Umara kai ne daidai, haraji ba zai hau kansa ba. A kan kuɗin dako kuwa yaron ya fi ka hujja, sai dai ba don dalilin da yake zato ba. Shi yana ganin duk abin da ya shigo asusu kuɗin shiga ne, wannan kuwa kuskure ne. Abin da ke raba kuɗin nan biyu tambaya ce guda ɗaya: lokacin da ka biya kuɗin, ka cire shi daga ribar da aka yanka wa haraji, ko ba ka cire ba? In ka cire, dawowarsa na nufin ribar ta dawo. In ba ka cire ba, hukuma ba ta da abin nema a ciki.

Inda maganar ta samo asali

Haraji ba a kan ciniki ake yanka wa ɗan kasuwa shi ba, a kan riba ne. Ana haɗa abin da ka sayar a shekara, a cire kuɗin sarin kaya, da dako, da hayar shago da sito, da albashin yara, da wuta, da sauran abin da aka kashe don kasuwancin kaɗai. Abin da ya saura shi ake dubawa. Ke nan duk nairar da ka rubuta a matsayin kashewa ta rage maka riba, ta kuma rage maka haraji. Hukuma ta yarda da wannan ragin ne bisa cewa kuɗin ya tafi ke nan. To, in daga baya ya dawo hannunka, ka ga ka ci ragi a kan kuɗin da ba ka yi asararsa ba.

Masu rubuta doka sun daɗe da hango wannan. A tsohuwar dokar harajin kamfanoni, sashe na 28 ya faɗa ƙarara cewa idan an amince wa kamfani ya cire wani kashewa ko wani bashi daga ribarsa, daga baya aka dawo masa da kuɗin ko aka yafe masa bashin, gaba ɗaya ko wani ɓangare, to abin da aka dawo da shi ya zama riba a ranar da aka dawo da shi. Dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, ita ma tana da irin wannan sashe, kuma ita ce ta shafi irinku masu sunan kasuwanci kafin 2026. Sabbin dokokin haraji guda huɗu da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, sun canza abubuwa da dama tun daga 1 ga Janairun 2026: ma'aunin haraji ya canza, hukumar harajin tarayya, FIRS, ta koma NRS, an soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowa. Amma wannan ƙa'idar ta dawowar kuɗi tana nan yadda take.

Ka lura da sharaɗin da ke gaban maganar: "idan an amince ya cire". Duk hukuncin a kansa ya rataya.

Tunda rajistar sunan kasuwanci gare ka, a idon doka kai da shagon abu ɗaya ne, harajinka na ɗaiɗaikun mutane ne, kuma hukumar harajin Jihar Kano, wato KIRS, ce ke karɓa. Da kamfani ne mai rajistar "Limited", da hukumar tarayya zai biya wa. Wajen biya ya bambanta, hukuncin dawowar kuɗi kuwa ɗaya ne.

Miliyan 1 da dubu 200 na masu dako

Bari mu bi kuɗin nan sawu-sawu. A 2025 ka biya, yaronka ya rubuta shi cikin kuɗin dako, aka rufe littafi, aka miƙa wa hukuma lissafi. A ce ribar da ka nuna miliyan 10 ce. Da ba a caje ka sau biyu ba, da ribar miliyan 11 da dubu 200 ce. Wato akwai miliyan 1 da dubu 200 na ribar gaske da ba a taɓa yanka wa haraji ba, don a lokacin yana hannun masu dako kuma kowa na ganin ya tafi. Yanzu ya dawo. Gaskiya ne kuɗinka ne, amma kuɗinka ne da bai bi ta gaban mai haraji ba tukuna.

Shekarar da zai shiga ita ce shekarar da aka dawo da shi, wato 2026. Ba sai ka koma ka buɗe lissafin 2025 ba, tunda a lokacin da ka miƙa shi iyakar saninka ka rubuta, ba ɓoye wani abu ka yi ba. Wannan sauƙi ne babba, domin komawa baya kan jawo maganar tara da kuɗin jinkiri, ga kuma sake bin takardun shekarar gaba ɗaya.

Nawa zai ci? Ya danganta da inda ribarka ta bana ta tsaya. A sabon ma'auni, naira dubu 800 na farko ba haraji. Daga nan zuwa miliyan 3 kashi 15 cikin 100. Daga miliyan 3 zuwa miliyan 12 kashi 18. Daga miliyan 12 zuwa 25 kashi 21, daga 25 zuwa 50 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. In duk kuɗin ya faɗa cikin matakin kashi 18, harajinsa naira dubu 216 ne. In kuwa kana dab da iyaka, a ce abin da za a yanka wa haraji bana miliyan 11 da rabi ne kafin a ƙara wannan, to dubu 500 na farko zai sha kashi 18, wato dubu 90, sauran dubu 700 ya sha kashi 21, wato dubu 147. Jimla dubu 237. Na kawo lissafin ne don ka ga cewa ba wani haraji na musamman ake ɗora wa kuɗin da aka dawo da shi ba. Ana zuba shi cikin ribar shekara ne kawai, ya bi matakin da ya tarar.

Wajen rubutawa, kada yaron ya jefa shi cikin cinikin rana. Ya buɗe masa layinsa daban, ya rubuta cewa rarar kuɗin dakon 2025 ce aka dawo da ita, da ranar, da sunan wanda ya turo. In ya shiga cikin ciniki zai kumbura adadin abin da ka sayar, kuma wanda ya zo bincike zai nemi kayan da suka fita daidai da wannan kuɗin, ya rasa, ya fara zargin akwai cinikin da ba a rubutawa.

Da a ce an gano kuskuren a cikin 2025 ɗin kanta, da maganar ba ta kai nan ba. Sai a rage kuɗin dakon shekarar da miliyan 1 da dubu 200, shi ke nan, babu wani layin kuɗin shiga. Haka ma da an gano a watan Janairu ko Fabrairu kafin ka miƙa lissafi, tunda wa'adin miƙawa sai 31 ga Maris, akanta zai gyara littafin 2025 ya nuna cewa kana bin masu dako bashi. Akwai kuma wata fuska da ya kamata a faɗa: wanda ya san tun kafin ya miƙa lissafi cewa an caje shi fiye da kima, an ma amsa za a biya shi, amma ya bar duka kuɗin a matsayin kashewa don ribar ta yi ƙasa, wannan ba zai fake da "shekarar da aka dawo" ba. Rarar nan tun farko ba kashewa ba ce, bashi ne yake bi, kuma lissafin da ya miƙa ne ke da gyara.

Kuɗin Umara

Nan maganar gajera ce. Umara, Hajji, kuɗin makarantar yara, asibiti, kayan ɗakin 'ya, duk hidimar kai da iyali ce, doka ba ta yarda a cire ta daga ribar kasuwanci ba. Da kuɗin da ya riga ya bi ta gaban haraji ka biya su. In kamfanin jirgin yawo ya dawo da dubu 350, ko hukumar alhazai ta raba wa mahajjata rarar kuɗin kujera, ko makaranta ta dawo da kuɗin zangon da yaro bai zauna ba, ba ka samu komai sabo ba. Yanka masa haraji yanzu cin haraji biyu ne a kan kuɗi ɗaya.

Sharaɗi ɗaya dai: a tabbata ba a cusa kuɗin Umarar cikin littafin shago ba. Na sha buɗe littafin 'yan kasuwa in tarar da tikitin Saudiyya an rubuta shi "tafiyar kasuwanci", wani lokacin ma da hujjar an sayo jallabiyu da dabino an sayar. In haka ta faru a naka, to tun farko ragin bai halatta ba, kuma ba dubu 350 ne matsalar ba, duka kuɗin tafiyar ne.

Akwai hidimar gida guda ɗaya da sabuwar doka ta shigo da ita cikin lissafi, ita ce hayar gidan zama. Ana yi wa mutum rangwamen kashi 20 cikin 100 na hayar da ya biya a shekara, amma ba ya wuce naira dubu 500. To a ce wani ya biya hayar miliyan 2 a Tarauni, ya karɓi rangwamen dubu 400, sai ya tashi kafin shekara ta cika mai gida ya dawo masa da dubu 500. Hayar da ya biya a zahiri miliyan 1 da rabi ce, rangwamen da ya cancanta dubu 300. Abin da ke buƙatar gyara dubu 100 ne na rangwamen, ba dubu 500 da aka dawo masa da shi ba.

Idan ba tsabar kuɗi aka dawo da shi ba

Kai ka yi sa'a an turo maka ta banki. A kasuwanninmu abin da aka fi yi shi ne a ce "a cire a lodin gaba". Mai tirela ya ɗauko maka kaya daga Apapa ya ƙi karɓar kuɗi har rarar ta ƙare, ko dilan kamfani ya ƙara maka katan-katan a sari na gaba, ko mai sito ya bar ka wata uku ba haya. Mutane da yawa na ganin tunda alat bai shigo ba, babu abin rubutawa. A doka kuwa, wannan dawowar kuɗi ce cikakkiya.

In aka bar shi ya tafi da kansa, lissafin yakan daidaita: bana ka biya dako ƙasa da yadda aka saba, kashewarka ta ragu, ribarka ta ƙaru da daidai rarar, haraji ya hau ba tare da kowa ya sa hannu ba. Inda ake samun matsala shi ne mai dako ya ba da takardar caji ta cikakken kuɗin lodin, yaron littafi ya rubuta ta yadda take, alhali ba a biya ko kwabo ba. Ka ga an cire kuɗi ɗaya sau biyu, bara da bana. Wannan shi ne abin da na fi cin karo da shi idan aka kawo mini littafin 'yan Singa ko Dawanau, kuma yawanci ba da mugun nufi ake yi ba. Maigida ne ya yi magana da mai mota a waya suka daidaita, yaron da ke rubutu bai ji ba. Sai ran da mai bincike ya ɗora takardun caji a kan bayanan banki ya ga lodi ba biya.

Yafe bashi ma a nan ya faɗo. In ka saro kaya bashi, ka rubuta kuɗinsu cikin kashewa, daga baya mai kayan ya ce ya yafe maka wani ɓangare saboda gobara ko don zumunci, abin da aka yafe ya zama riba a ranar. Haka nan bashin da kake bi, ka fid da rai ka rubuta ya mutu, ka cire shi daga riba, bayan shekara uku mutumin ya zo ya biya. Alhamdu lillahi, amma yana shiga lissafin shekarar da ya biya.

Wuraren da amsar ke canza fuska

Kayan da ba a sayar ba tukuna. In lodin da aka yi cajin a kansa yana nan jibge a sito lokacin rufe littafi, kuma an haɗa kuɗin dakonsa cikin darajar kayan, to bai rage maka riba ba tukuna. Sai a rage darajar kayan da rarar. A Singa wannan bai cika faruwa ba don sukari da taliya ba sa kwana, amma ga mai ajiye riɗi ko waken suya a Dawanau yana jiran farashi, ko ɗan Kantin Kwari da atamfarsa ta shekara a shago, abu ne da ake gani.

Kayan aiki masu daɗewa, kamar janareta, mota, ko injin niƙa a Sharaɗa. Kuɗin sayensu ba a cire shi lokaci ɗaya, kaɗan-kaɗan ake ba da rangwamensa shekara bayan shekara. In mai sayarwa ya dawo da wani abu daga farashin, ana rage asalin kuɗin injin ne, rangwamen da ya saura ya ragu. Ba a ɗaukar rarar a zuba ta cikin riba kai tsaye.

Harajin da aka dawo da shi. Harajin riba ba ya cikin abin da ake cirewa, don haka in ka biya fiye da kima hukuma ta dawo maka ko ta ajiye maka shi don shekara mai zuwa, ba kuɗin shiga ba ne. Haka ɗan kwangilar da aka cire masa haraji tun wajen biya, in ya yi amfani da takardar shaidar cirewar ya rage abin da ake binsa. Amma kuɗin kwastam daban ne, yana cikin kuɗin kaya, an cire shi daga riba, to in ejan ɗin da ya fito maka da kayan ya dawo da rara hukuncinsa irin na dakonka ne. Kuɗin rumfa da na lasisin shago ma haka. Ga mai rajistar VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da hidima, in a cikin abin da aka dawo da shi akwai kashi 7.5 da ya riga ya cire daga abin da yake miƙa wa hukuma, wannan ɓangaren a takardar VAT ta wata-wata ake gyara shi, ba a cikin riba ba.

Abin da aka ɗora a sama. In masu dako sun ƙara maka dubu 50 don ban haƙuri saboda sun riƙe kuɗinka, wannan ƙarin ba dawowa ba ne, sabon samu ne na kasuwanci. Masu shigo da kaya daga Sin ko Dubai sun fi kowa shiga wannan. Wanda ya tura rarar dala kafin watan Yunin 2023, lokacin da farashin gwamnati ke wajen naira 460, aka dawo masa da dalarsa a farkon 2024 bayan ta haura 1,500, adadin dala ɗaya ne amma a naira ya ninka fiye da uku. Da naira ake rubuta littafinsa, kuma bambancin nan riba ce.

Kuɗin wani. In kai dillali ne ko ka yi wa wani sari, shi ya ba da kuɗin dakon, rarar ta biyo ta asusunka, to amana ce. Ba taka ba ce balle a yi maganar harajinta, matuƙar ka miƙa ta ga mai ita kuma akwai shaida. Maganar zakka kuwa babi ne na daban da ma'auninsa, wannan na malamai ne.

Mai albashi

Na san ma'aikata ma za su karanta, don haka a taƙaice. In ofis ya aike ka Abuja ka kashe kuɗinka a mota da masauki, ka kawo rasit aka biya ka daidai abin da ka kashe, wannan ba albashi ba ne. Doka ta ware kuɗin da ma'aikaci ya kashe wajen gudanar da aikinsa, wanda ba a nufin ya ci riba a ciki. In an ba ka kafin alƙalami ka dawo da canji, babu magana. In ka riƙe canjin kuma ofis ya bar maka, ya zama samu. Alawus na wata-wata da ake biya ko ka fita ko ba ka fita ba, ko da an sa masa sunan kuɗin mota ko kuɗin mai, albashi ne, harajin PAYE, wanda ake cirewa daga albashi kafin a biya, na hawa kansa. In kuma an zaftare maka PAYE fiye da kima aka dawo maka da shi, albashinka ne da aka riga aka lissafa, ba a sake taɓa shi.

Asusu ɗaya, da maganar takarda

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a tambayarka, Alhaji: "duk a asusu ɗaya suka shigo". Duk bayanin da na yi a sama hukunci ne a kan gaskiyar lamari. Jami'in da zai zauna da kai bai ga gaskiyar lamari ba, bayanan banki ya gani. Idan aka zo bincike, musamman ga wanda littafinsa bai cika ba, hanyar da aka fi bi ita ce a haɗa duk abin da ya shigo asusu a ɗauke shi ciniki, sannan a ce kai ka fitar da wanda ba ciniki ba, da hujja. Dubu 350 na Umara, gudummawar biki, kuɗin adashe, abin da ƙaninka ya turo a ajiye masa, duk fuska ɗaya gare su a takardar banki. Kamar hatsin da aka zuba a buhu ɗaya ne, mai awo ba ya tambayar wanne daga gonar wa. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta kuma wajabta wa bankuna su riƙa ba hukuma bayanin asusun da manyan kuɗi ke ratsawa, don haka zaton cewa ba za a gani ba yana raguwa.

Wannan ya fi shafar ɗimbin 'yan kasuwar da ba sa miƙa cikakken lissafi, waɗanda ake yanka wa haraji bisa ƙiyasi. Irin wannan mutumin bai taɓa cire kuɗin dako daga wata riba da aka rubuta ba, don haka hujjar cewa ya ci ragi a kan rarar ba ta da ƙarfi a kansa kamar yadda take a kanka. Amma shi ne kuma ya fi shiga haɗarin a lissafa masa rarar a matsayin ciniki, domin ba shi da littafin da zai nuna inda ta fito.

Abin da nake sa abokan hulɗata su tanada ba shi da yawa. Daga masu dako, takarda mai tambarinsu da ke cewa sun dawo da kuɗi kaza, rarar lodi kaza ce na ranar kaza. A haɗa ta da takardun cajin da aka maimaita, da shaidar biyan farko, da shaidar shigowar kuɗin. Daga kamfanin jirgin yawo ma haka, ko da saƙon WhatsApp ne daga lambar ofishinsu a buga shi a ajiye, ya fi babu, ko da yake takarda mai tambari ta fi shi nauyi. A roƙi mai turo kuɗi ya rubuta dalili a wajen bayanin tiransifa. Yanzu ne lokacin karɓar takardun nan, tun ana ga-maciji. Na ga wanda ya nemi irin wannan takarda bayan shekara huɗu ya tarar kamfanin ya watse, manajan da suka yi magana ya bar gari. Hukuma na da damar komawa baya shekara shida, kuma shekara shidan ne doka ta ce a ajiye takardu.

Sai raba asusu. Na san 'yan kasuwarmu ba sa son jin wannan, suna ganin wahala ce da ƙarin cajin banki. Ni dai a ganina cajin asusu na biyu bai kai kuɗin zama ɗaya da mai bincike ba. Asusun shago daban, na gida daban, duk wata ka ɗebi abin da za ka ɗiba daga wannan zuwa wancan a rubuta.

In har aka kawo maka takardar haraji ka ga an haɗa da kuɗin Umara, kada ka ajiye ta kana jiran ka sami wanda ka sani a ofis. Kwana 30 doka ta bayar a rubuta ƙin amincewa, da dalili da hujja. In wa'adin ya wuce ba a rubuta ba, adadin ya zauna. In an rubuta ba a daidaita ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ta shiyyar arewa maso yamma ke zama a Kaduna, ko da yake a kan dubu 350 mai takardarsa a hannu da wuya a kai can.

Amsar nan na gina ta a kan abin da ka faɗa, ban ga littafinka ba. Abu biyu za su iya juya ta. Na farko, ko da gaske an rubuta duka kuɗin dakon a lissafin 2025 da aka miƙa, domin wani lokacin maigida ya biya daga aljihu bai faɗa wa kowa ba, in haka ne kuwa ba a cire shi ba, dawowarsa ma ba ta shiga riba. Na biyu, ko kuɗin Umara ya taɓa littafin shago. Ka sa yaron ya ɗauko kwafin abin da aka miƙa wa KIRS, ya nemo layin dako, ya haɗa shi da takardun cajin shekarar ɗaya bayan ɗaya. In lodin da aka maimaita suna cikin jimlar, a rubuta miliyan 1 da dubu 200 a layinsa cikin lissafin 2026, dubu 350 kuma a nuna shi a matsayin kuɗin maigida da ya ratsa asusun shago, a fitar da shi zuwa asusunka na gida.